Hantsin da Mairama Ta Sha

Gwaram, 21 ga Mayu, 2011

Baban Mairama,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka na rijiyoyin gas. Yaya kaɗaici? Na san tun da na taho da shayi da burodi kake rayuwa. Ni lafiya lau, cikin ya shiga wata huɗu, Inna ta hana ni ko ɗaga bokiti.

Shekaranjiya aka yi ruwan farko. Hadari ya taso daga wajen Basirka, aka yi tsawa, sai wani wari mai kaifi ya biyo bayan walƙiya. Kowa ya fito tsakar gida yana murna, ni na shige ɗaki na ja ƙofa. Warin kwarin nan ne da kake zaune a Amurka, wanda nake ce maka yana tuna mini gida. Ashe abin da ke cin ƙirjin 'yarmu nake shaƙa ina jin daɗi.

Bayanin likitan can da ya duba Mairama ya ƙi barina. Ya ce idan sanyi ya tsananta, iska kan zauna a kan kwarin kamar murfin tukunya, abin da ke yoyo daga rijiyoyi ya rasa hanyar fita. Rana ta haska farar ƙanƙara, ta dafa shi, ya zama ozon, iskar nan mai kaifin wari da ke cin huhu. Babu hayaƙi, sama garau. A irin ranar ne, in ji shi, ake kulle mai asma a ɗaki. Ni kuwa kwana shida ina naɗe Mairama da bargo ina zaunar da ita a ƙofar gida tun hantsi har azahar, don Inna ta ce mini a waya da shan hantsi ta raba ni da tari ina ƙarama. Ran na bakwai kai ka ɗauke ta zuwa asibiti, ka dawo da takalmanta.

Ban faɗa wa Inna ba. Na ce sanyi ne.

Ka huta lafiya.
Matarka, Ummussalma

Birnin Kudu, 9 ga Janairu, 2012

Baban Mairama,

Sallama da fatan alheri. Yaya aiki, yaya sanyin? Mun yi arba'in ɗin haihuwa, amma muna nan gidan Yaya Turai ni da Inna, don ya fi kusa da asibiti. Ikrima ya yi ɓul-ɓul, hancinka ya kwaso, Allah ya ba shi haƙuri.

Ka ce mu taho. Ba zan iya ba, kuma ba taurin kai ba ne. Jiya na ji wani ɗan fito a numfashinsa, irin na yayarsa. An duba an ce mura ce. Duk da haka nakan tsinci kaina ina kiransa da sunanta.

Yau da safe na fito wanka na tarar Inna ta zauna da shi a jikin katanga, rana na dukan fuskarsa. Na san nan ba can ba ne, babu rijiya sai ta ruwa. Amma ban san lokacin da na fizge shi ba. Inna ta kalle ni, ta ce yanzu ta gane: tsoron sanyi ne ya hana ni fitar da Mairama, da na bi maganarta da yarinyar tana nan.

Na buɗe baki, na ga hannuwanta da suka tsufa, na ce haka ne, ta yafe mini. Gara ta ɗauke ni uwa mai ganda da ta san gaskiya. Idan ka kira ta, ka tsaya a kan wannan.

Ka dawo gida, don Allah. Kafin nan, idan za ka ziyarci kabarinta, ka bari sai ranar da gari ya lumshe. Kada ka je da rana tana haske.

Inna na gaishe ka.
Taka har kullum, Ummussalma