Na saki faɗa-wutar mahaifiyata, na sa wata a madadinta

Doña Mayela, don Allah ki taimake ni. Ba na iya magana a gaban mutane, shi ya sa na rubuto. Shekaruna goma sha huɗu, daga firamare ban ci gaba ba.

Mahaifiyata tana aiki da masu binciken ƙwari a nan gindin dutsen Rincón. Takan shiga daji ta ɗebo tsutsotsi, ta sa kowace a leda da ganyen da ta same ta a kai, ta rubuta lamba, ta rataye a rumfar bayan gidanmu har su zama malam-buɗe-littafi ko faɗa-wuta. Daga nan a cire ƙafa ɗaya a aika Kanada. Can suke karanta ƙwayar halittar, su san ko wane iri ne, kamar yadda ake karanta zanen layukan da ke jikin kayan kanti. Ni nake canza ganye in ta fita. Shekara goma sha biyu ba ta taɓa rikita lamba ba, kowa ya sani.

A watan Yuni kakata Chela tana kwance ba lafiya. Na shiga rumfa da safe, sai na ga wata babbar baƙar faɗa-wuta ta ƙyanƙyashe a leda, irin wadda muke cewa in ta sauka a gida za a yi mutuwa. Na kwance ledar, na kore ta da tsintsiya har bayan shinge. Da hankalina ya dawo, na tuna ledar tana da lamba, ga ta babu komai a ciki. Sai na kamo wata baƙa a ƙarƙashin rufin garken maƙwabcinmu, na saka a ledar. A idona duk ɗaya suke.

Kaka ta warke, har tana yi mana shinkafa da wake. Amma sakamakon ƙafar wadda na saka ya dawo daga Kanada, wai ba a taɓa ganin wannan iri yana cin wannan ganye ba, ƙila ma sabo ne, har ana zancen sa masa sunan mahaifiyata. Yanzu sati biyar kullum tana hawa dutse da ciwon gwiwarta tana neman irin tsutsar, ta dawo a jiƙe tana murna. In na faɗa, za su daina yarda da ita? In na yi shiru fa?

Mai tsoro, daga Guanacaste

'Yata,

Kin ji tsoro don kina son kakarki. Ba zan yi miki dariya ba; ni ma na taso ina ganin ana korar wannan baƙar da tsintsiya. Sakin da kika yi ƙaramin abu ne, a wannan aiki ƙwari kan tsere, a rubuta cewa sun tsere. Musanyar ce matsalar.

Na auna shirun naki. Zai bar wa mahaifiyarki murnarta na ɗan lokaci, amma tana neman abin da babu shi a kan wannan ganyen. Kuma bayanin ba a Kanada zai tsaya ba, masu bincike na ƙasashe da yawa za su dogara da shi. Ranar da wani ya gano kuskuren, lambarta zai gani, ba taki ba.

Ki faɗa mata gobe kafin ta sa takalmin daji. In bakinki ya ƙi, miƙa mata wannan shafin. Za ta yi fushi, ƙila ta kwana biyu ba ta kula ki ba. Ki jure, tana da gaskiya. Sannan ku je wurin shugaban aikin tare, ki faɗi ranar, da ainihin inda kika kamo ta biyun. Wannan na da amfani: ƙafar da suka karanta ta gaske ce, in sabon iri ne, yana nan a garken maƙwabcinku, can ya kamata a nema.

Ban yi miki alkawarin ba za a yi faɗa ba. Amma masu wannan aiki sun fi riƙe wanda ya kawo gyara da ƙafarsa. Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya ƙara wa kaka lafiya. Ki hutar da gwiwar mahaifiyarki.

Doña Mayela