Tsintsiyar da Ka Saka Mini a Kwamfuta

Zuwa ga Auta,

Bayan sallama, ina fatan kana lafiya. Ni lafiyar jiki ce kawai gare ni. Na ga kiranka har ya ishe ni, ba zan ɗauka ba, don in na ji muryarka yanzu zan faɗi abin da uba bai kamata ya faɗa ba. Shi ya sa na zauna na rubuta da hannuna, direban motar kaya zai kawo maka.

Ka zo hutu, ka shiga ofishina, ka ce kwamfutata ta yi nauyi kamar an ɗaura mata dutse. Ban roƙe ka ba, ka cika mini ita da manhajojin kyauta. Na gwada su ɗaya bayan ɗaya. Mai haɗa takardu wuri guda ta yi aiki, ba zan ci haƙƙinta ba. Mai rage nauyin hoto ta mayar mini da ƙofar da na ƙera da gumina kamar an zana ta da gawayi. Sai mai hoton tsintsiya, wadda ka ce in riƙa dannawa duk mako. Na danna. Har wani sauti ta yi na murna, wai ta share mini datti.

Auta, kwandon sharar kwamfutar nan ta kwashe tas. Muryar mahaifiyarku tana ciki. Duk saƙonnin da ta riƙa turo mini a waya kafin rasuwarta, waɗanda na sa aka juye kafin tsohuwar wayar ta mutu, a can na adana su. Yarana masu walda suna buɗe kwamfutar su nuna wa masu saye samfurin ƙofofi, wata rana ɗaya ya danna, muryarta ta fito ta sifika a gaban baƙo. Daga ranar na ɓoye su inda hannun kowa ba ya zuwa. Ka san dokar shagona tun kana rarrafe: durom ɗin guntayen ƙarfe ba a zubar da shi sai na sa hannu na duba, kuma a ƙasansa nake ajiye abin da ba na so a taɓa. Wace irin tsintsiya ce za ta shiga ɗakin mutum ta yi shara ba ta tambayi mai ɗaki ba?

Kai ka kawo ta. Ka dawo mini da muryar matata.

Mahaifinka.

*

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da girmamawa, ina gaida mutanen shago. Na karanta takardarka a tsaye a tasha.

Baba, ka yi haƙuri. Laifina ne da ban tambaye ka yadda kake ajiya ba. A kwamfuta duk abin da ke kwandon shara ana ɗaukarsa abin da mai shi ya yar ne, shi ya sa manhajar ba ta tsaya tambaya ba. Amma ba lallai sun tafi gaba ɗaya ba. Suna nan a kwance har sai an ɗora wani abu a kansu. Don Allah ka kashe kwamfutar, ka cire ta daga wuta. Kada ka saka hoto ko ɗaya, kada ka sauke komai. Akwai wata manhajar kyauta mai tono abin da aka goge, zan zo da ita da zarar an ba ni dama a wurin aiki.

Sai abu ɗaya, Baba, ka gafarce ni. Ban san akwai muryar Umma a duniya ba. Ni da Yaya mun bincike wayoyinmu kaf bayan rasuwarta, ba mu samu ko tarinta ba. Yaya har kuka ta yi mini, wai ta fara manta yadda Umma ke kiran sunanta. Ashe duk wannan lokacin tana ofishinka.

Allah ya ƙara maka lafiya.

Ɗanka, Auta.

*

Auta,

Sallama. Takardarka ta iso, na kuma ga hannunka ya iya rubuta wa uba ƙorafi.

In kashe kwamfuta? Kwangilar ƙofofin rukunin gidaje ce a hannuna, mai aikin yana zuwa kullum da sabon ra'ayi, yau yana son fure a sama, gobe ya ce a cire. In ce masa me? Ɗana mai digiri ya ce in rufe shago sai ya samu hutu? Da jiran hutun wani na yi da har yanzu ina bakin titi da injin walda na haya. Na yi aikina, na saka hotunan ƙofofin, don da su ake cin abinci, da su kuma aka biya maka makarantar da kake mini bayani da ita.

Kuma tunda ka ce akwai mai tonowa, ban ga abin da zai hana ni nemo ta da kaina ba. Na sauke wata. Tun daga lokacin fuskar kwamfutar ta zama kasuwa. Wannan ya leƙo ya ce na ci mota, wancan yana tallar maganin ƙarfin maza, a ofishina, a gaban yarana, har babban cikinsu ya fita waje yana tari don kada in ga dariyarsa. Da ta gama tonon sai ta zubo mini fayil dubbai marasa suna, lambobi kawai, na buɗe wani na ga rabin ƙofa. Wannan ita ce kyautar taku. Ni duk abin da aka ba ni kyauta a rayuwata sai da na biya daga baya.

Batun wai na ɓoye muku. Kafin ta zama uwarku matata ce. Ni ta turo wa saƙonnin nan, ba taron dangi ba. Faɗa ne a ciki, da maganar magani, da abin da ke tsakanin miji da mata. Ba ni da niyyar neman izinin wanda na yi wa wankan jarirai kafin in ajiye abina.

Na gaji. Mai gyaran waya na kusa da mu ya nuna mini faifan ajiyar da ke cikin kwamfutar, na sa sukundireba na ciro shi da kaina. Ga shi nan a naɗe cikin tsumma, direba zai ba ka. Ka tono su. Amma ban yarda ka saurara ba, ko ɗaya.

Mahaifinka.

*

Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa. Faifan ya iso lafiya, duk da ƙurar ƙarfen da ke jikin tsumman.

Zan faɗa maka gaskiya yadda take. Saƙo huɗu na samu. Sauran kuwa, hotunan ƙofofin da waccan manhajar da ka sauke sun hau kansu, babu wanda zai iya dawo da su, ko ni ko wanda ya fi ni. Na roƙe ka, Baba. Abu ɗaya tak na roƙa. Tsintsiyar tawa ce, na ɗauka, zan ɗauke ta har in mutu. Amma ƙofa mai fure ba ni na ɗora ta a kan muryar Umma ba.

Kuma na saurara. Fayilolin ba su da suna, babu yadda zan gane nata ban buɗe ba. Ko da akwai yadda zan yi, da na saurara, ba zan yi maka ƙarya ba. A ɗaya tana cewa ka bar shan shayi a tsaye kamar wanda ake kora. A wani dariya take yi, tana maimaita wata maganarka. Na saka maka su a filashi biyu, ɗaya na ofis ɗaya na gida. Na riƙe nawa, na tura wa Yaya nata. Ka yi mini duk hukuncin da ka ga dama, na karɓa, amma ba zan goge ba.

Na huɗun ya yanke a tsakiya. Muryarta ta yi ƙasa sosai, ina jin a asibiti ne. Ta ce, "Alhaji, in Auta ya kira ka, ka ce masa na ce..." Daga nan sai ƙara. Na maimaita shi har na daina ƙirgawa. Kai kaɗai ka san ƙarshensa.

Me ta ce a gaya mini?

Allah ya huci zuciyarka.

Ɗanka, Auta.

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Filashin sun iso. Na ji su. Ban huce ba, kada ka ɗauka na huce, kuma kada ka ƙara saka mini komai a kwamfuta ko da da kuɗi ake sayarwa.

Cewa ta yi ka aske wannan sumar kafin ka zo duba ta, kada ma'aikatan asibiti su ce ba ka da uwa.

Da ka zo hutu na ga tana nan yadda take. Ka aske. In ka aske ka kira ni, zan ɗauka.

Ka gaida yayarka.

Mahaifinka.