Saƙon Kawu Ilu a Zauren Matafiya

Laraba da dare, Maƙarfi.

Alhamdulillahi, yau ta wuce lafiya. Da safe Kawu Ilu ya tura saƙon zagin Yahudawa a zaurenmu na matafiya a waya, kuma ni ke kula da zauren. Ƙanwata Ladi, da ke karatu a Jamus a gidan wata tsohuwa Bayahudiya, ta ga saƙon, ta kira ni tana kuka. Ga shi ba a goge maganar babba daga nesa. Na hau babur har Gazara wurin Kawu, muka gaisa, sannan na faɗa masa wadda ke riƙe da Ladi.

Sai ya miƙo mini wayarsa. "Goge, ɗana. Tsohuwar nan tana cin yaji? In an samu mai tafiya, a kai mata."