Ni Ba Likita Ba Ce

Istanbul

Yaya Tanimu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da Inna da duk mutanen Gozaki. Yaya noman rani? Ni ƙalau nake, ina cin abinci, kada Inna ta damu.

Yaya, raina a ɓace yake. Wa ya aike ka ka miƙe a taron sunan gidan Labo ka ce ƙanwarka ta zama Dakta? Jami'o'i shida na nema. Huɗu sun ce a'a, biyu sun yi shiru, takardar izinin zamana a nan kuma saura wata biyu ta ƙare. Wayata ta yi ƙara, in buɗe ina zaton amsar jami'a ce, sai in tarar da hoton ƙafar Gwaggo Mairo a kumbure, wai in rubuta mata magani.

Sau nawa zan faɗa maka? Falsafa nake karantawa. Daktan da nake nema na nazari ne, ko allura ban iya riƙewa ba, kuma shi ɗin ma ba a ba ni ba tukuna.

Don Allah gobe ka kai Gwaggo asibiti a Malumfashi. Mako uku ke nan tana zaune tana jiran amsata saboda maganarka. Ni in tawa amsar ba ta zo ba, zan dawo gida da ƙafafuna biyu. Ita fa?

Allah ya ba ta lafiya.

Ƙanwarka,
Naja'atu