Baba Ya Ƙi Aikin Ƙwaƙwalwa Saboda Aski

Anti, don Allah ki taimaka min, kaina ya kulle. Babana mai aski ne, shekara talatin yana sana'ar. Shekara shida ke nan ciwon makyarkyata ya kama shi. A da magani yana riƙe hannun, yanzu kafin lokacin shan na gaba hannun ya koma rawa. Masu zuwa aski sun watse, sai abokansa biyu da ke zama a kujera ido a rufe. Likita ya ce akwai aikin da ake sa siraran wayoyi a ƙwaƙwalwa, a haɗa su da ɗan batir a ƙarƙashin fatar ƙirji. Baba ya saurara tsaf, ko gezau, sai da aka ce za a aske masa kai a asibiti. Nan ya sa hularsa ya miƙe, wai wanda bai san kan aska ba ba zai taɓa masa kai ba. Yayana ya ce a lallaɓa shi kawai a kai shi. Ni ce auta, maganata yake ji, amma me zan ce?

Autar Mai Aski

'Yata, ki gaishe min da Baba. Za a huda masa ƙoƙon kai, shi kuwa gyaran fuska ne damuwarsa! Sai dai ina zaton tsoro ne ya ɓuya a bayan askin, kuma yana da hujja.

Ga wanda ya dace da shi, aikin yakan rage rawar hannu sosai, har a rage magani. Amma ba ya warkar da ciwon. Akwai haɗarin zubar jini ko ƙwayar cuta, wasu maganarsu kan yi nauyi ko tafiyarsu ta canza, ga zirga-zirgar saita na'urar da sauya batir. Kuma ba wanda zai yi masa alkawarin komawa riƙe aska.

Saboda haka yayanki ya yi haƙuri, kai na Baba ne, shi zai yanke. Ki zauna da shi a shagon, ki tambaye shi me yake so hannun ya sake yi masa: aski, ko ko shan shayi ba tare da ya zuba a riga ba? Ku rubuta amsar da duk tambayoyinsa ku kai wa likita, har da ta askin, don wasu likitocin ɗan wuri kaɗan suke askewa.

In kuma duka gashin za a kwashe, a ba shi madubi ya riƙe, ya yi ta gyara musu. Allah ya ba shi lafiya, ya kuma ba ma'aikacin jinyar da zai yi askin haƙuri.

Antinku