Da Baki ko Da Kai?

Szeged, Hungary

Ƙanwata Tsvetanka,

Gaisuwa mai yawa. Ya garinmu Troyan, ya ƙafar taki? Ban kai Vienna ba. A kan iyaka aka sauke ni daga bas, yanzu ina tsare.

Jaka ce aka samu ƙarƙashin kujerata, maƙare da sigarin fasa-ƙwauri. Ɗan sanda ya nuna ta, ya nuna ƙirjina. Na ɗaga kai na sauke, wato ba tawa ba ce. Sai kawai ya sa min ankwa. A ofis wani ya ce "konsul?", na girgiza kai da ƙarfi, e mana, a kira min jakadanmu. Ya nuna tarho, nan ma na girgiza. Har yau shiru, ko ƙuda bai zo ba.

Mutanen nan na ba ni mamaki. Miyarsu ja wur da barkono amma ba yaji, kuma duk abin da ka roƙa sai su yi akasinsa da fara'a. Shin baƙo ba shi da haƙƙi ne a nan? Ki tambayo min.

Abin da ke cin raina 'yata Desislava ce. Tun da ta auri Baturen nan na Austria na daina yi mata magana, kin sani. Sai kwanan nan na ce zan zo wurinta a Vienna, ta ce za ta jira ni a tasha. Yanzu za ta ce na fasa ne.

Ki gaida kowa.
Yayanki, Stoimen

Sofia

Yaya,

Ina gaisuwa, amma da ka san wahalar da na sha! Da wannan ƙafar na hau jirgi har ma'aikatar harkokin waje.

Haƙƙi kam kana da shi. Wata mata a can ta ce dole a kawo maka tafinta da lauya, a sanar da jakada in ka so, a bar ka ka kira naka. Ta bincika, sai ta ce ai kai ka amsa jakar taka ce, ka ƙi jakada, ka ƙi a kira kowa.

Na ce, "Baiwar Allah, da baki ya faɗa ko da kai?"

Ta tsaya kallona, can sai ta dafe goshi.

Yaya, su can kansu a baibai yake. Girgizawa a'a ce a wurinsu, ɗagawa da saukewa kuma e. Da wuyanka ka ɗaure kanka. Don Allah ka sandare shi har tafinta ya zo.

Na kira Desislava. Da ba ta gan ka ba ta bi sawu har ta gano inda kake. Sai aka ce mata mahaifinta ya ce kada a kira kowa. Ta yi ta kuka, ni ma na taya ta. Na yi mata bayani, sai ta kashe wayar. Ban san me ke ranta ba.

Allah ya fito da kai.
Tsvetanka

Vienna

Baba,

Ina kwana. Gwaggo ta gaya min komai.

Ranar Alhamis zan zo da lauya. Mijina ne zai tuƙo mu, in ba ka son ganinsa sai ya jira a mota.

Akwai abin da na daɗe ina son tambayarka. Na zauna da mutanen nan har ni ma kaina ya juya, ban san yadda zan karanta naka ba. In na tambaye ka, Baba, ka amsa min da baki.

'Yarka, Desislava