Na Haɗe Gaisuwa Bakwai Wuri Ɗaya, Inna Ta Daina Ɗaga Wayata

Anti, ki agaje ni, kaina ya kulle. Sana'ata rubuta manhajar kwamfuta. Shekara uku da suka wuce na rubuta wata 'yar manhaja da ke tura wa dangi gaisuwa kowace safiya da sunana. Kowa da sashensa: na Inna, na Kawu, na surukina, har mutum bakwai. Layukan kusan iri ɗaya ne, kwafa kawai na yi ta yi.

Ran nan wani abokin aikina, Tsintsiya muke ce masa don son share aikin mutane, ya leƙo allona ya yi ta dariya, wai maimaita abu ɗaya sau bakwai abin kunya ne. Zuciya ta ɗebe ni, na haɗe su sashe ɗaya, suna kawai ke canzawa. Layi ɗari biyu suka koma ashirin, har na ji ni wani ne.

Ashe na Inna na bar wa kowa, kuma a nata akwai tambayar ciwon gwiwa da ko an shafa magani. Washegari duk dangi suka samu. Kawu ya tafi asibiti, wai ƙila na hango masa wani abu. Surukina ya fara dogara sanda don kada ya ƙaryata ni. Ƙanwata kuwa ta nuna wa Inna nata saƙon, ko harafi bai bambanta ba. Inna da ke cika baki a unguwa cewa ɗanta bai taɓa fashin gaishe ta ba! Yau kwana tara ba ta ɗaga wayata, kuma wallahi abin yana ci na. In mayar da sassa bakwai ɗin ne?

Mai Nadama

Ɗana, garin neman gira ka rasa ido. Tsintsiya bai yi ƙarya ba, abin da ke maimaituwa a tara shi wuri ɗaya. Laifinka shi ne ba ka ware abin da ya bambanta ba, ba ka kuma gwada ba kafin ka saki. Bar sashe ɗayan, ka gyara shi, ka kuma roƙi surukinka ya ajiye sanda.

Amma ba gwiwa ce ta ɓata wa Inna rai ba. Shekara uku baiwar Allah tana sa wa na'ura albarka. Cire sunanta daga manhajar yau. Je ka da ƙafarka, ka durƙusa, ka faɗa mata gaskiya, ko ta juya maka baya ka koma gobe, jibi ma ka koma. Wannan maimaicin ba a rage shi. Allah Ya huci zuciyarta, Ya sa ka sake jin muryarta.